Sharhi kan kayan gyaran kafireta da na saya wa tsohon CG125 ɗin kawuna

Wata uku ke nan da na sayi wannan ƙunshin kayan gyaran kafireta, kuma da gangan na ƙi cewa komai a kansa sai da zuciyata ta ɗan huce. Da a kwanakin farko na rubuta, da yabo zalla za ku karanta.

Babur ɗin Honda CG125 ne na kawuna, Allah ya ji ƙansa. Shekara tara yana jingine a ɗakin ajiya, an lulluɓe shi da tamfol, tayoyi sun sace, sarƙa ta yi ja da tsatsa. Ni ba bakanike ba ne, yanzu nake koyo, da littafin gyara a gefe da 'yan sifanu. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne yanayin injin. Honda ta fito da CG125 a 1975, bayan ta lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane ba sa canza baƙin mai a kan lokaci, sai saman inji ya cinye. Shi ya sa aka yi masa inji mai sauƙi, silinda ɗaya, 124cc, wanda 'yan sanduna ke tura bawul ɗinsa daga ƙasa. Inji ne mai haƙuri da ɗan koyo. Na wanke tanki, na zuba sabon baƙin mai, na sa fulogi NGK D8EA, na saita bawul a 0.08mm. Wuta na zuwa, kik yana da ƙarfi a ƙafa. Kafireta kaɗai ta rage, ita kuwa da na buɗe kofinta na ƙasa, tsohon fetur ya daskare kamar ƙaro, kore-kore, yana warin fenti.

Ƙunshin ya zo a jere tsaf: gasket, zobban roba, jet biyu ('yan ƙarafa masu rami da ke auna man da ke wucewa), allurar fulot (fulot shi ne abin da ke yawo a saman mai cikin kofi), sifirin da noti huɗu na kofi. Waɗannan notin su suka fara saye min zuciya. Wajen kwancewa na riga na lalata kawunan biyu daga cikin na asali, domin ban san notin baburan Japan irin JIS ba ne, masu ɗan ɗigo a kai, kuma sukurudireba mai kan kuros na gama-gari zamewa yake yi a cikinsu yana cin ƙarfen. Da na ga sababbi sun shiga daidai, sai na ce lallai masu wannan kaya sun san aikinsu. Na cire duk wani tsohon abu na maye shi da sabo. A kik na biyar babur ya tashi. Na tsaya ina sauraren ƙarar da rabona da ita tun ina yaro kawu na ɗauke ni a kan tanki, wallahi sai da hawaye suka zo min.

Washegari da asuba warin fetur ne ya tashe ni. Na shiga ɗakin na tarar ƙasa ta jiƙe sharkaf, mai yana ɗiga ta 'yar tiyon da ke ƙarƙashin kafireta, ɗis, ɗis, ya malala har ƙarƙashin ƙofa. A ɗakin nan akwai soket ɗin wuta da tsohon firij da ke aiki dare da rana. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na bar famfon mai na ƙarƙashin tanki a buɗe, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma aikin allurar fulot ke nan: in kofi ya cika, fulot ya taso, ita ta toshe hanya. Sabuwar allura fil, ko awa ashirin da huɗu ba ta yi a ciki ba, ta kasa yin aiki ɗaya tilo da aka yi ta dominsa.

Ɓarnar ba a ƙasa kaɗai ta tsaya ba. Na zaro sandar awon baƙin mai na ga ya haura alama, ya tsinke kamar ruwa, yana warin fetur. Man ya gangara cikin silinda, ya bi ta gefen ringi ya sauka cikin inji. Sabon baƙin man da na zuba, kusan lita 1, dole na juye shi. Da ban duba ba na tayar da babur na hau, da na ƙone injin da ya jira ni shekara tara lafiya lau.

Kwana huɗu ina fama. Na lanƙwasa ɗan harshen fulot, na mayar, na sake lanƙwasawa. Wani lokaci zubar ta tsaya, in na girgiza babur ta dawo. In ya tashi kuma ba ya zama silo, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, fulogi in na ciro ya yi baƙi ƙirin da toka kamar gindin tukunya. Duk tsawon kwanakin nan kaina nake zargi, domin ɗan koyo ba ya kawo wa ransa cewa sabon kaya ne ke da laifi.

A rana ta biyar na kwance kafireta na kai wa wani dattijon bakanike da ya fi shekara talatin yana gyaran babura. Ya juya ta a hannu, ya busa ta bakin shigar mai, iska ta wuce duk da fulot na rufe. Ya ɗago ya ce, "Yaro, ina tsofaffin da ka cire?" Na ce, "Baba, suna nan a gwangwani, ban zubar ba." Ya ce in je in ɗauko. Da na kawo, ya jera alluran biyu a tafin hannunsa. Sabuwar ta fi gajarta kaɗan, kuma bakin robarta ba a saita yake ba, ya karkace gefe. Sannan ya ɗaga jet biyu ya saita su da rana ya ce in leƙa. Lamba ɗaya aka buga musu, amma ramin sabon ya fi faɗi, ko da ido ana gani. Ya nuna min ɗan tambarin K mai tauraro da ke jikin tsohon, alamar na Keihin ne na asali, kamfanin da ke ƙera kafireta, ya ce a wurinsu lamba tana nuna faɗin rami, lamba 100 kusan milimita 1 ke nan. Sabon ba shi da tambarin kowa. Ya jiƙa tsofaffin a ruwan wanke kafireta, ya bi ramukan da siririn gashin waya mai laushi, ya busa, ya mayar da su mazauninsu. Kik ɗaya babur ya tashi ya zauna silo, tik tik tik, ba hayaƙi.

A nan na ce to, in yi adalci. Notin sun yi, gasket ɗin kofi ya zauna ba ya yoyo, zobban roba ma sun shiga. Na yanke cewa zan ce wa mutane su saya don roba da gasket, su bar ƙarafan a leda. Har na fara rubuta haka.

Sai na tura wa mai sayarwa hotunan alluran biyu a jere, cikin ladabi, ba ma kuɗina na nema ba. Na ce ya duba, kada wani ya kwana da fetur a ƙasan ɗakinsa. Amsar da ya ba ni ita ce kayansa ba na 'yan koyo ba ne, in kai wa ƙwararre. Ƙwararren ne fa ya gano laifin, da busa ɗaya. Kuma a jikin ledar da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa ya dace da CG125, ba a faɗi na wace shekara ba, alhali an ɗauki shekaru da dama ana ƙera wannan babur, an sauya masa abubuwa a hanya, daga wuta mai 6V zuwa 12V, kafireta ma ba iri ɗaya ba ce. Wa ya fi buƙatar a faɗa masa gaskiya a jikin leda in ba ɗan koyo ba? Ƙwararre ai yana gani zai gane.

Bayan mako shida kuma zoben robar da ke kan notin juye mai ya kumbura, ya yi laushi kamar cingam, ya fara jiƙa ƙasan kofi. Robar da aka yi don ta zauna cikin fetur ba ta yin haka. Ke nan cikin duk abin da ke ledar, noti huɗu da gasket ɗaya ne suka rage a jikin babur, gasket ɗin ma kullum da safe sai na shafa yatsa a ƙarƙashinsa na sansana. Ba zan sake saya ba, kuma ba zan ce wa wanda ke tayar da baburinsa na farko ya saya ba.

Yanzu babur na tafiya da jet da allurar da kawu ya bari a ciki. Na sa masa sabuwar sarƙa, birkin baya ne ya rage, kuma ba na sauka daga kansa sai na rufe famfon mai.