Suwaita mai leshi: a fara daga wuya ko daga ƙasa?

'Yar'uwa, kin ce kin saba da saƙa hula da mayafin wuya, yanzu kina son gwada suwaita wadda ake zurawa ta kai, mai huji-huji irin na leshi haɗe da tudu-tudu a jiki. Kin ga wasu suna farawa daga wuya su gangaro, wasu kuma daga ƙasa su haura, kina tambayar wacce za ki bi. Idan adon ya mamaye jikin rigar duka, ni dai ina ganin ki fara daga ƙasa: gaba daban, baya daban, hannuwa daban, sannan ki haɗa da ɗinki. Idan kuwa adon a kafaɗu kawai yake, ya zagaye wuya, to daga wuya ya fi. Ga abin da ya sa.

Kowane huji a saƙar leshi daga naɗa zare a kan kibiya yake fitowa, kuma wannan naɗin yana ƙara ido ɗaya, wato madaukin zare ɗaya a kan kibiya. Don kada faɗin ya yi ta ƙaruwa, sai a haɗe ido biyu su zama ɗaya a wani wuri cikin layin. Naɗi ɗaya, haɗi ɗaya, kullum tare suke tafiya. Duk wahalar suwaitar leshi tana inda siffar riga ta tilasta miki ƙara idanu ko rage su, domin a nan ne lissafin riga yake karo da lissafin ado. Saboda haka abin dubawa shi ne wace hanya ce za ta kawo miki wannan karon tun hannunki bai saba da adon ba.

Mai farawa daga ƙasa tana ɗora idanun gaban riga, ta yi bakin, sannan ta shiga ado a kan adadin da ba ya canjawa har hammata. Wannan tafiya ce ta santimita 35 zuwa 40 a yawancin riguna, babu ƙari babu ragi. Kafin ki iso inda ake rage idanu, kin maimaita zanen har idonki ya iya karanta shi a jikin saƙar, kin san inda huji ya kamata ya faɗo ba tare da duba takarda ba. Mai farawa daga wuya kuwa, musamman a salon ragilan, wanda layin hannunsa yake karkatowa daga wuya zuwa hammata, tana ƙara ido 8 a kowane zagaye na biyu tun daga farko: biyu a gaba, biyu a baya, bibbiyu a kowane hannu. A ce adonki shi ne tsohon zanen nan mai kama da igiyar ruwa da aka san masaƙan tsibiran Shetland na Sikotilan da shi, wanda ake maimaitawa a kan ido 18 da layi 4. Kowane gefe na gaban rigar ido ɗaya yake samu a zagaye biyu, wato sai kin yi zagaye 36 kafin sabon zane cikakke ya samu wurin zama. A tsakanin nan kina riƙe da guntun zane a wurare takwas, kina yanke shawara a kowane layi ko idanun sun isa naɗi da haɗinsa. Ƙa'idar ɗaya ce: in wurin bai isa a yi duka biyun ba, kada ki yi ko ɗaya, ki saƙa idanun haka nan. Faɗinta da sauƙi, amma bin ta a wuri takwas a rigarki ta farko aiki ne ja.

Masu son farawa daga wuya suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Rigar tana fitowa a haɗe a kan kibiya mai igiya, babu ɗinkin gefe, kina iya zura ta ki ga inda ta tsaya, kuma in zare ya kusa ƙarewa sai ki gajarta jiki ko hannu. Barbara Walker ta Amurka ta fitar da littafi guda a kan wannan hanya a 1972, kuma tun daga lokacin take ƙara karɓuwa. A suwaita mara ado, ni ma ita nake zaɓa. Matsalar ita ce leshi ba ya nuna girmansa na gaskiya a kan kibiya. A takure yake, a cukurkuɗe, sai an jiƙa shi an shimfiɗa an kafe da fil ya bushe sannan hujin ya buɗe. Abin da kika gwada a jikinki yau ba shi za ki sa ba bayan wanki. Ki ɗauki misali: ido 22 ne a santimita 10 kafin wanki, bayan wanki ya koma 20. Ido 220 da suka ba ki santimita 100 sun zama 110. Tsawo ma yana ƙaruwa, hannun da ya tsaya daidai wuyan hannu sai ki ga ya rufe yatsu. Don haka gwadawar da ake yabon wannan hanya da ita ba ta da amfani sosai a leshi, sai dai in za ki zare kibiya, ki mayar da idanun kan wani zare, ki jiƙa abin da kika yi ya bushe tukuna.

Wannan ya kawo mu kan ƙyallen gwaji, wanda babu hanyar da ta yafe miki shi. Ki saƙa wanda ya kai santimita 15 a kowane gefe, da ainihin adon, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki auna santimita 10 a tsakiyarsa. In a zagaye za ki yi rigar, gwajin ma a zagaye ya kamata ya kasance, domin a hannun mutane da yawa saƙar baya, wadda ake yi in an juya saƙar ana komowa, ta fi saƙar gaba sakewa, awon sai ya bambanta.

Wajen daidaita faɗi ma akwai bambanci. Da ido 20 a santimita 10, zane mai ido 18 yana cin santimita 9. In kina saƙa jiki a zagaye da adon ko'ina, girman rigar tsalle yake yi da santimita 9, babu tsaka-tsaki. A saƙar daban-daban kuwa, tudu-tudun da kike so ne zai cece ki. Kina neman santimita 50 a gaba, wato ido 100: zane biyar sun ci 90, saura 10, sai ki sa biyar a kowane gefe ki yi musu saƙar ɗigo-ɗigo, wato ido ɗaya saƙar gaba, ido ɗaya saƙar baya, ana sauya su a kowane layi. Ido na ƙarshe ya tafi cikin ɗinki. Ragin hammata da ƙarin hannu za ki iya tura yawancinsu cikin wannan gefen, leshin ya zauna lafiya a tsakiya. Ki dai lura, saƙar ɗigo-ɗigo ta fi leshi gajarta a layi ɗaya, don haka kada gefen ya yi faɗi da yawa har ya riƙa jan rigar sama.

Sai batun ɗinki, wanda shi ne yake korar mutane daga hanyar ƙasa. Gaskiya ne yana cin lokaci, kuma mummunan ɗinki yana ɓata kyakkyawar saƙa. Amma a leshi ɗinki ginshiƙi ne. Saƙa mai huji ba ta da ƙarfin riƙe nauyin kanta, ɗinkin kafaɗa da na gefe su ne suke hana ta zubowa. Wannan ya fi muhimmanci in zarenki auduga ne, domin auduga tana da nauyi kuma in ta miƙe ba ta komawa. Haka ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki, shi ma yana yawan tsawo in ya jiƙe. Ulu na asali yana da ɗan tsalle, yana komawa yadda yake, shi ya sa rigar da ba ta da ɗinki ta fi zama daidai da shi. Zaren akirilik kuwa ruwa ba ya buɗe masa huji sosai, sai tururi, kuma in tururin ya yi yawa ya saki ke nan har abada, don haka kada dutsen guga ya taɓa shi.

Wani abu da ake mantawa: ado yana da sama da ƙasa. Zanen ganye da aka tsara daga ƙasa, in kin saƙa shi daga wuya, ganyen juyewa zai yi. Zanen igiyar ruwan nan kuma lanƙwasarsa ta fi fita sosai a gefen da aka ɗora idanu, don haka in kina son bakin riga mai lanƙwasa, daga ƙasa za ki samu mafi kyau. In daga wuya kika zo, bakin ƙasa ne wurin rufe idanu, kuma rufin da ya tsuke yana hana leshi buɗewa. Ki rufe da kibiyar da ta fi wadda kike aiki da ita kauri.

Inda hanyar wuya ta yi fice shi ne rigar da adonta ya zagaye kafaɗu kamar faifai. A nan mai zanen ta riga ta saka ƙarin idanu cikin leshin kansa: wasu naɗe-naɗen ba su da haɗi, su ne suke faɗaɗa kafaɗar. Babu guntun zane, kuma tunda fuskar saƙar kullum tana kallonki, taswirar zanen daga dama zuwa hagu kawai za ki riƙa karantawa. Daga hammata zuwa ƙasa kuma saƙa ce miƙaƙƙiya. In irin wannan ce rigar da ta burge ki, kada ki ji tsoron ta. Ki fara da kibiya mai igiyar santimita 40 a wuya, ki koma mai 80 in idanu sun yi yawa.

Kowacce kika ɗauka, ki sa ƙaramin zobe a kan kibiya a matsayin alama tsakanin zane da zane don kuskure ya tsaya cikin ido 18 maimakon ya bi layin duka. Sannan duk bayan 'yan layuka ki zura siririn zare mai santsi, mai wani launi, ta cikin dukkan idanun da ke kan kibiya, ki bar shi a nan. Naɗi in ya zame ba ya barin alama, kwance leshi ba tare da wannan zaren ba yana iya kai ki har farko. Kada ki zura shi ta cikin zobban, in ba haka ba za su maƙale a layin. In kin zaɓi hanyar ƙasa, ki fara da hannu ɗaya kafin jiki, ki wanke shi ki auna. In awon ya kauce, hannu ɗaya kawai za ki kwance.