Hardy mai nobel da Hardy mai waƙa: wanne za ki ɗauka?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, hidima ce ta hana ni zama. Kin ce supabaiza ya ba ki Thomas Hardy ya ce ki je ki zaɓa, ko ki yi furojet a kan nobel ɗinsa, wato dogayen ƙagaggun labaransa, ko a kan waƙoƙinsa, ke kuma kin rasa ta ina za ki kama tunda ba ki ma taɓa jin cewa mutumin yana waƙa ba. To ba ke kaɗai ba ce wallahi, ni ma sai da na kai aji uku kafin na sani.

Abin da ke rikita mutane shi ne, kamar mutum biyu ne a riga ɗaya. An haife shi 1840 a wani ɗan ƙauye Higher Bockhampton kusa da Dorchester a kudu maso yammacin Ingila, babansa magini ne, shi kuma aka kai shi koyon zanen gine-gine yana ɗan shekara 16. Daga 1871 zuwa wajen 1897 ya fitar da nobel 14. Daga nan ya ajiye, bai sake ba. 1898 ya fito da kundin waƙoƙinsa na farko, Wessex Poems, yana da shekara 58, lokacin da wasu ke lissafin fansho, ya yi ta yi har ya rasu a Janairun 1928, kundi takwas, waƙoƙi sun haura 900. Sarauniya Victoria 1901 ta mutu. Kin ga kenan in aka ce marubucin zamanin Victoria ne, a ɓangaren nobel maganar ta zauna daram, amma yawancin waƙoƙin bayan ta suka fito, mutumin da ya yi waƙa a kan nutsewar Titanic a 1912 ya kuma ga Yaƙin Duniya na ɗaya. In kwas ɗinku ya ɗaure ki da zamanin Victoria ki fara tambayar malaminki wannan tun kafin ki yi nisa.

Nobel ɗin sun fi sauƙin shiga, wannan ba musu. Labari ne zai kama ki tun shafin farko. Ɗauki The Mayor of Casterbridge na 1886: Michael Henchard, matashi mai aikin ɗaurin ciyawa, ya shigo wata kasuwar ƙauye da matarsa da 'yarsu, ya sha ya yi tatil, ya sa matar a gwanjo kamar akuya, wani matuƙin jirgin ruwa ya ajiye gini biyar, kuɗin Ingila na lokacin, ya tafi da ita da yarinyar. Gari ya waye giya ta sake shi, ya shiga coci ya rantse ba shi ba barasa har shekara 21. Ya zama babban dillalin hatsi har ya zama magajin gari, sai ga matar ta dawo. Wurin da ya fi tsaya min a rai ma ba gwanjon ba ne, inda ya je a ɓoye wurin wani mai duban yanayi ne, aka ce masa ruwa zai ɓata girbi, ya kwashi kuɗi ya cika sito da hatsi don ya karya tsohon manajansa Farfrae da ya zame masa kishiya a kasuwa, sai gari ya yi wasai farashi ya faɗi ya sayar da asara, bayan ya gama sayarwa kuma ruwan ya zo. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya ɓoye masara yana jiran tsada ta ƙi zuwa ba sai an yi masa sharhi ba.

Waƙoƙin ba sa yi miki wannan karamcin. Turancinsu yana da ƙashi, zai ɗauko tsohuwar kalma ko ta mutanen yankinsu Dorset ko ma ya ƙera tasa ya dasa a tsakiyar ɗango, karin kuma kusan kowace waƙa da nata, ba ya zama a ma'auni ɗaya. Karatun farko za ki ce wannan tsohon bai iya ba, kuma haka masu sharhi na lokacin suka ce, wai ya koma wa labarinsa ya bar wa mawaƙa waƙa. Sai kin karanta da ƙarfi kunnenki ya ji sannan za ki gane tuntuɓen da gangan ne.

Amma ga abin da ya sa ni na fi karkata wajensu. Nobel don abinci ya riƙa rubuta su, shi da kansa waƙa ya ɗauka sana'arsa ta gaske, tun yana Landan a shekarun 1860 yake aika waƙoƙi mujallu ba wanda ya buga. Su nobel yawancinsu a mujalla ake fara sakinsu kashi-kashi, editan kuma yana tsaye a kansa da almakashi don kar iyalai su ji abin da bai dace ba. Tess of the d'Urbervilles na 1891 ya sha wannan. Akwai inda ruwa ya cika hanya ranar Lahadi, 'yan mata huɗu masu tatsar nono sun ci ado za su coci sun maƙale, Angel Clare, saurayin da zai auri Tess daga baya, ya ɗauke su ɗaya-ɗaya a hannu ya tsallakar da su. Mujallar Graphic ta ce ina, namiji ya rungumi budurwa? Dole Hardy ya sa shi ya turo su a baro. Baro fa! Inda Tess ta yi wa jaririnta baftisma da kanta cikin dare kafin ya mutu, shi ma cire shi aka yi gaba ɗaya, sai da littafin ya fito ya mayar. Ya kuma ƙara masa ƙaramin take yana kiran Tess mace mai tsarki, yarinyar da ta haihu ba aure ta kuma ƙare a igiyar rataya, nan fa aka yi masa ca. Jude the Obscure na 1895 ya fi muni, har wani bishop na Wakefield ya shelanta cewa ya jefa nasa kwafin a wuta. Ana yawan cewa wannan zagin ne ya kore shi daga nobel. Da gaskiya a ciki, amma ki tuna lokacin ya yi kuɗi, yana zaune a Max Gate gidan da ya zana da kansa tun 1885, ba ya buƙatar edita kuma. A waƙa ba mai sa shi turo kowa a baro.

Jigon kusan ɗaya ne a duka biyun, mutum yana nasa duniya tana nata ba ruwanta da shi. A nobel sai ya gina miki shi da haɗuwar tsautsayi, dokin gidan su Tess ya mutu a karo da keken wasiƙu, wasiƙar da ta tura wa Angel ta ƙarƙashin ƙofa ta shige ƙarƙashin kafet bai gani ba, wani lokacin har ki ji tsautsayin ya yi yawa marubucin ne ke tura shi da hannu. A waƙa ba ya buƙatar wannan dogon shiri. The Darkling Thrush, wadda ya sa wa kwanan wata 31 ga Disamba 1900, mutum ne kawai ya jingina da ƙofar shinge da yamma cikin hunturu komai ya bushe, wani tsohon tsuntsu ramamme ya ɓarke da kuka na murna, shi kuma ya duba ko'ina bai ga dalilin murnar ba. Baiti huɗu, an gama. Sannan don Allah kar ki rubuta cewa Hardy ya yi imani da ƙaddara ki wuce, ɗalibanmu suna yawan faɗawa ramin nan. Ƙaddara a wurinmu hukuncin Allah ne mai hikima ko ba mu gane ba, abin da Hardy ke nufi wani ƙarfi ne makaho da bai ma san yana yi ba balle ya tausaya. Bambancin nan kaɗai ya isa babi guda.

In da ni ce ke, waƙoƙin 1912 zuwa 1913 zan ɗauka. Labarin su shi ne, 1870 aka tura shi Cornwall duba wata tsohuwar coci a St Juliot da za a gyara, can ya haɗu da Emma Gifford, suka yi aure 1874, ba su haihu ba, zama ya yi tsami har ta tattara ta koma ɗakunan can saman gida suna gida ɗaya kamar baƙi. Nuwamba 1912 ta rasu ba zato. Sai tsoho ɗan shekara 72 ya rikice, ya tarar da rubuce-rubucenta, masu ɗacin a kansa ya ƙona su, a Maris 1913 ya kama hanya ya koma Cornwall yana bin wuraren da suka yi zance shekara arba'in da wani abu baya. Waƙoƙin suka fito a kundin Satires of Circumstance na 1914, shekarar da ya auri Florence Dugdale, ki ƙiyasta yadda amarya za ta ji. A The Going tuhumarta yake, me ya sa ba ki ko yi min alama ba za ki tafi. A The Voice yana jin kamar tana kiransa, yana roƙon ya gan ta yadda take da, cikin rigarta shuɗiya tana jiransa, sai ya tambayi kansa ko iska ce kawai, baitin ƙarshe karin ya karye gaba ɗaya kamar mai tafiya yana sassarfa ganye na zuba. Mu marsiyyarmu yabon mamaci ce da nema masa rahama da ba wa na baya haƙuri. Tasa babu addu'a, nadama ce da gardama da matar da bai kula ba tana raye. In supabaizanki mai son kwatance ne ga hanya nan a buɗe, waƙoƙin 21 ne kacal a bugun baya, za ki iya haddace rabinsu.

Maganar kayan aiki kuma, nan nobel ya yi wa waƙa fintinkau, kuma nan ne tarkon. Sharhi a kan Tess ya fi ƙarfin a ƙirga, tun marubuci D. H. Lawrence da ya yi nasa nazarin a 1914 har zuwa masu nazarin mata da na tsarin aji, komai kika hango wani ya riga ki, ƙarshenta ki ɓuge da kwafe-kwafe. Mai sharhi F. R. Leavis bai ma sa Hardy cikin manyan marubuta nobel ba a littafinsa na 1948, amma hakan bai rage komai ba. Su waƙoƙin darajarsu a hankali ta taso, mawaƙi Philip Larkin na cikin waɗanda suka ɗaga su sosai, Donald Davie ya yi littafi guda a farkon shekarun 1970 kan tasirinsu a waƙar Birtaniya. Filin bai cika ba, sai dai fa ba inda za ki ɓuya, dole ki iya maganar kari da amsa-amo da zubi da tsari, ba ba da labari kawai ba. In kin san awon baiti yana ba ki ciwon kai, ki ɗauki Mayor ki yi abinki lafiya, ya fi Tess sarari.

Ko wanne kika ɗauka ki kula da abu biyu. Tarihin rayuwarsa mai juzu'i biyu da ya fito 1928 da 1930 da sunan Florence, yawancinsa shi ya rubuta da kansa a ɓoye, don haka kar ki ɗauke shi shaidar wani na gefe, na Michael Millgate ko na Claire Tomalin na 2006 za ki haɗa da shi. Na biyu, yawancin littattafan kyauta ne a shafin intanet na Project Gutenberg, amma Hardy ya yi ta gyara rubutunsa daga bugu zuwa bugu har Wessex Edition na 1912, ni a difens ɗina wani malami ya buɗe nasa kwafin jimlar da na kawo ba haka take ba a nasa, gumi ya wanke ni a tsaye. Ki tambayi supabaiza bugun da yake hannunsa ki nemi irinsa, ko fotokwafi ne.