Hattara da mai "kajijin Tafkin Chadi" a WhatsApp

Jama'ar Garwa da Marwa, wallahi raina a ɓace yake. Sefa dubu 45 wani mutum ya cinye min. Dubu 45! Ya ce shi ɗan Kuseri ne, wai daga bakin Tafkin Chadi ake haƙo masa kajiji, buhu-buhu.

Kar wanda ya zo ya ce min ban san kajiji ba. Haɗa turaren wuta da humra sana'ata ce, a hannun kakata na koya. Ita ke jiƙa mana kajiji da citta da kanumfari in mura ta kama mu ko ciki ya murɗa, da shi take turara ɗakin mai jego. Ɗan samfurin da ya fara aiko min na gaske ne, na fasa ƙwaya ɗaya, ƙamshin har cikinta. Ga ladabi. "Hajiya, tsakanina da ke amana ce, ko ba kuɗi sai in ɗora miki a mota." Maganar nan ce ke hana ni barci. Ko ba kuɗi! Wa zai ji haka ya kawo zargi a ransa?

Da buhun ya iso, na sama kajiji ne, bai fi mudu biyu ba. Ƙasa kuwa duk saiwar aya-aya ce, ciyawar nan da ke addabar manoma, da busasshen laka, an fesa musu turare. Kwana ɗaya a rana ƙamshin ya gudu. Af, kafin nan sai da ya karɓi dubu 5 wai kuɗin mota. A'a, dubu 30 na fara turawa, sai dubu 10 da ya ce mahaifiyarsa na asibiti, sannan na motar. Dubu 45 dai cif. Kuma rabi kuɗin wata amarya ne da na yi wa alkawarin turarenta, yanzu da wane ido zan kalli uwarta?

Na kira, ya ce yaransa ne suka yi kuskure wajen ɗuri. Washegari ya toshe ni. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna wayata, zan sa su anjima in hankalina ya kwanta.

Ku zazzage buhu har ƙasa, ku fasa ku shinshina kafin ku biya. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.