Gilashin gaban tsohuwar mota: roba da igiya, ko a manne da gam?

Ɗan'uwa, ka ce kana tayar da Volkswagen Beetle ƙirar 1968, an gama fenti, saura gilashin gaba. Wani ya ce ka mayar da shi cikin roba kamar yadda ya zo, wani kuma ya ce ka rabu da roba, a manne shi da baƙin gam ɗin nan na yuretan da ake sa wa motocin yanzu, wai shi ba ya yoyo. Amsata ita ce roba. Sai dai mai ba ka shawarar gam ba shirme ya faɗa ba, yana da hujjojinsa, don haka bari mu jera su kusa da juna.

Fara da duba ramin gilashin kansa. A motar zamani gilashin ya fi ramin girma, yana hawa kan wani faffaɗan leɓen ƙarfe, gam kuma yana kwanciya tsakaninsu. A motarka gilashin bai kai ramin ba. An yanka shi ne da rata a kewaye, robar ce ke cike ratar: tana da tsagi ɗaya da ke riƙe bakin gilashi, da wani da ke cizon siririn leɓen bodi. Ka cire robar, gam ɗin ba shi da wurin zama. Masu yin hakan da gaske sai sun sa an yanko gilashi mafi girma, an kuma sake walda leɓen, wato an canza ƙirar motar ke nan. Ga kuma baƙin layin nan da kake gani a gefen gilashin motocin yanzu. Ba ado ba ne, fenti ne da aka gasa a jikin gilashin don ya kare gam daga hasken rana, ya kuma ba shi wurin kamawa. Tsohon gilashi ba shi da shi.

Ta fuskar ƙarfi, gam ya yi gaba, babu gardama. Gilashin da aka manne ya zama wani ɓangare na bodi, yana taimaka wa rufi idan mota ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iska ta gefen fasinja a kansa take jingina idan ta fashe. Amma Beetle ɗin 1968 ba ta da jakar iska, kuma waɗanda suka ƙera ta ba su ɗora lissafin ƙarfinta a kan gilashi ba. Abin da take buƙata shi ne akasin haka. Tsohon bodi yana ɗan murɗewa a hanya marar kyau, robar ce ke shanye wannan motsin kafin ya kai ga gilashi.

Sai batun yoyo, wanda na san shi ne ainihin abin da ke damunka. Gam da aka sa daidai ya fi roba toshe ruwa, wannan gaskiya ne. Amma idan ka ga gilashi mai roba yana yoyo, yawanci ɗayan uku ne: robar ta tsufa ta ƙandare, ko an sayo wadda ba ta motar ba, ko kuma tsatsa ta ci leɓen da ke ƙarƙashinta, musamman kusurwoyin ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Na ukun ya fi yawa, kuma gam ma ba ya maganinsa, domin ba ya kama tsatsa. Tunda an yi maka fenti, bi leɓen da yatsa tun kafin komai. Inda ka ji tudun walda ko ɗigon fenti da ya daskare, a goge shi ya yi sumul, a sake shafa fenti, don irin wannan ɗan tudun ne ke tsaga gilashi ranar sawa. Idan bayan an gama ka zuba ruwa ka ga ɗigo, akwai man toshewa na gilashin mota wanda ba ya bushewa ya yi tauri, ana ɗaga leɓen robar ta waje a matsa shi ciki. Silikon na banɗaki kuwa kada ya kusanci motar. Irin wanda ke warin tsami yana fitar da sinadarin da ke jawo tsatsa, kuma fenti ba ya zama inda ya taɓa.

Wurin aikin ne bambancin ya fi fitowa. Gam yana son tsabta sosai, da ruwan shafawa na musamman a gilashi da ƙarfe, da hannu mai saiti, domin da zarar gilashin ya sauka a karkace gyara ya yi wuya, sannan a jira ya bushe kafin a tuƙa. Roba kuwa mutum biyu take so, da igiyar nailan mai kauri kamar milimita 4 zuwa 5, da ruwan sabulu, da haƙuri.

A bar sabuwar robar a rana ko cikin ruwan ɗumi ta yi laushi. A shimfiɗa bargo a kan tebur, a sa wa gilashin robar a kewaye. Idan motarka mai siririn adon alminiyon nan ce a cikin roba, yanzu ne lokacin sa shi, tun gilashin yana kan tebur. Wanda ya bari sai gilashi ya hau mota zai lanƙwasa adon a banza. Yadin rufin ciki shi ma a gama manna shi tukuna, don bakinsa a ƙarƙashin robar yake ɓuya. Daga nan a cusa igiya cikin tsagin da zai ciji bodi, ta zagaye duka, bakunanta biyu su gifta juna a tsakiyar ƙasa, a bar wutsiya mai tsawo da za a iya naɗewa a hannu. A shafa ruwan sabulu. Ban da giris ko man inji, suna lalata roba.

Mai taimaka maka ya ɗora gilashin daga waje, ƙasa ta fara zama, a tabbatar ratar hagu da dama ɗaya ce. Kai kana ciki kana jan igiyar a hankali zuwa tsakiyar gilashi, leɓen robar yana tsallake ƙarfe yana biyo ta. Ja kaɗan ta hagu, ja kaɗan ta dama, kada ka gama gefe guda ka bar ɗaya. Shi kuma na waje tafin hannu a buɗe zai riƙa dannawa daidai inda igiyar take, ba dunƙule ba, ba gwiwar hannu ba. A kusurwa ake yin asara. In ka ji ta cije, tsaya, ƙara sabulu, juya igiyar kamar kana zana ƙaramin da'ira har ta wuce. Kada ka kai sukudireba bakin gilashi. In abin ya ƙi, a fitar a sake daga farko, ba abin kunya ba ne.

Ka kuma duba tambarin da ke kusurwar gilashinka, don ka san wane iri ne. Mai falle biyu da leda a tsakiya ya fi aminci a haɗari, amma ba ya jure lanƙwasa, ɗan matsi a gefe sai tsaga ta tafi. Motocin Turai da dama na wancan zamani da gasasshen gilashi mai falle ɗaya suka fito, wanda ya fi jure dannawa amma in ya fashe sai ya zube kamar tsakuwa. In za ka sayi sabo, ɗauki mai falle biyu. Sa'arka ɗaya, gilashin 1968 kusan a miƙe yake, ba kamar na samfurin Beetle 1303, ƙirar 1973, da ya zo da babban lanƙwasa ba.

Ranar cirewa ma abin dubawa ce. Mai roba, wuƙa za ka sa ka yanke leɓen robar, ka turo gilashin lafiya lau. Mai gam sai an bi shi da waya ana yankawa, fenti yana karcewa, gilashin kuma ba lallai ya fita da rai ba. Shi ya sa ban yarda da masu raba gardama ta hanyar ɗura yuretan cikin tsagin roba ba. Ba su sami ƙarfin gam na gaske ba, sun kuma rasa sauƙin roba.

Ga sauran masu karatu, kada a ɗauka kowace tsohuwar mota da igiya ake yi mata. Motar Mini ta asali, wadda ta fito a 1959, robarta a bodi ake fara sa ta, gilashi ya shiga, sannan a cusa wata siririyar tsiri da ke buɗa robar ta kulle shi, da ɗan ƙarfen da aka yi don haka. Motocin Amurka da yawa kuma tun tsakiyar shekarun 1960 a manne gilashinsu ya zo daga kamfani. Mai irin wannan motar, shi gam ne nasa, kuma yuretan ya fi abin da aka sa mata da farko. Kai dai nemi robar da aka yi wa shekarar motarka, ka faɗa wa mai sayarwa ko mai tsagin ado kake so ko marar shi, don iri biyu ce.