Kemis, asibitin unguwa ko asibitin koyarwa: wace ƙofa za ka fara bugawa a Sakkwato?

Wata uku kawuna ya yi yana sayen maganin ciwon kai a wani kemis da ke unguwarsu, can wajen Mabera. Kullum in ya taso daga kasuwa da la'asar sai ya biya. Mai kemis ya ɗauko almakashi, ya yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, ɗaya daga wancan, ya zuba a 'yar farar leda, ya ce a sha da dare. In na ce, "Kawu, mu tai asibiti a duba ka," sai ya ce, "Kai yaro, gajiya ta da zahin rana, mi za a duba?" Sai da ƙeyarsa ta yi nauyi, ido ya fara yi masa hazo, sannan ya yarda. Malamar asibiti ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa, ta ce, "Baba, zauna nan, kada ka tashi." Jininsa ya haura 180. Da muka zazzage ledar haɗin nan a gaban likita, sai ga shi ɗaya daga cikin ƙwayoyin irin maganin ciwon jikin nan ne mai ƙara hawan jini, mai kuma wahalar da ƙoda. Da na lissafa abin da ya kashe a wata ukun, ya fi kuɗin kati da awo da maganin wata guda.

In ɗayanmu zai sayi babur, sai ya zagaya wuri uku, ya tafi da bakanike, ya saurari ƙarar inji. Amma in jiki ne, ƙofar da ta fi kusa muke faɗawa. A ganina abin da mutum ke biya a harkar lafiya shi ne sanin abin da ke damunsa, magani daga baya yake zuwa. Da wannan mudun zan auna kowace ƙofa: me za su iya dubawa, kuma in abin ya fi ƙarfinsu, za su faɗa maka?

Kemis iri biyu ne, ko da yake suna ɗaya muke kiransu. Akwai na unguwa, wanda lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, ba na yin allura ko ƙarin ruwa ba. Akwai kuma famasi, inda ake da wanda ya yi digiri a kan harhaɗa magunguna. In takardar likita ce a hannunka, ko maganin da ke son sanyi irin allurar ciwon suga, famasi za ka nufa, ka kuma leƙa ka ga ko firijinsu na aiki. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, maganin da ya yini a shagon kwano ko a tiren mai talla ba abin dogaro ba ne. Kemis na da ranarsa: mura, ɗan ciwon kai, ruwan gishiri da sukari tare da zinc in yaro na zawo. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka ce a ba ka a katinsa mai suna. Haɗin da ba ka san sunan ko ƙwaya ɗaya a ciki ba, bar masa abinsa. In kwana uku sun wuce abin na nan, ko ya tafi ya dawo, aikin kemis ya ƙare.

Bari in ɗan ratse kan "maleriya da taifod", tagwayen da aka liƙa wa kowane zazzaɓi a garin nan. Gwajin maleriya na tsinke, wanda ake ɗiga jinin yatsa, bai wuce minti 20 ba, kuma abin dogaro ne. In ya nuna akwai, maganin kwana uku ne, a shanye shi duka. Gwajin Widal da ake cewa na taifod kuwa yakan nuna akwai ga wanda lafiyarsa lau, musamman a wuri irin namu da mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. In an yi maka maganin taifod sau uku a shekara ɗaya, akwai alamar ba a gano ainihin ciwon ba.

Ƙaramin asibitin unguwa, wanda wasu ke kira sha-ka-tafi, shi ne ƙofar da muka fi rainawa, alhali ya fi kowace arha idan aka dubi abin da yake bayarwa: rigakafin yara, awon ciki, awon jini, gwajin maleriya, da maganin kariya daga maleriya da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a damina. Yawanci ma'aikacin lafiya ne ko ungozoma za ka tarar, ba likita ba, duk da kowa mai farar riga likita muke ce masa. Wasu ba sa kwana, wasu ka je babu magani. Amma mai kirki a cikinsu ya san iyakarsa, zai rubuta maka takardar turawa, kuma takardar nan tana rage maka yawo a babban asibiti.

Asibitin kuɗi sauri yake sayarwa. Ba dogon layi, ga fanka, ga fara'a. Sai dai allon da ke bakin ƙofa kan jera ƙwararru biyar ko shida, alhali yawancinsu ma'aikatan manyan asibitoci ne da ke leƙowa da yamma a wasu ranaku. Wannan ba laifi ba ne, har ma hanya ce ta ganin babban likita ba tare da jiran makonni ba. Abin dai ka tambaya kafin ka yanki kati: wa zai gan ni yau, kuma wace rana ƙwararren ke zuwa? In haihuwa ce ko tiyata, ƙara da tambayar jini, iskar oksijin, wuta da dare, da inda suke kai mutum in abu ya rikice. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyin ya riga ya ba ka amsa. Mu ma muna da namu laifin: in ba a rataya mana ledar ruwa ba sai mu ga kamar ba a yi aiki ba, alhali wanda ke iya ci da sha ba kasafai yake buƙatarta ba.

Sai manyan biyu: asibitin ƙwararru na jiha, wanda kowa ke kira Sifeshalis, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na tarayya. A asibitin koyarwa ne ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, da ta ƙoda da mafitsara, da sashen masu ciwon daji, shi ya sa za ka ga mutanen Kebbi da Zamfara har da na Nijar a kan benci ɗaya. Abin da za ka biya a nan, ban da kuɗi, lokaci ne. Ka fito bayan sallar asuba, ka ɗauka yinin ya tafi. Kuma ba a shiga kai tsaye a ce "likitan zuciya nake nema". Likitocin iyali da ke sashen marasa lafiya na waje su ke fara gani, su tura ka inda ya dace, kowane sashe kuma da ranarsa. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci. Ni ban ɗauka ba, domin ciwo na yaudara: zafin ƙirjin da ka rantse gyambon ciki ne yana iya zama zuciya, ciwon bayan da ka ɗora wa kabu-kabu yana iya zama tsakuwar ƙoda. In ka zaɓi ƙwararre da kanka ka zaɓa ba daidai ba, ka biya sau biyu.

Akwai dai matsalolin da hanyarsu a bayyane take, kuma a nan ne gardama da masu maganin gargajiya ta fi zafi.

Ɗauki karaya. Maɗora sun daɗe suna aiki, kuma kowa na da labarin wanda aka ɗora ya miƙe. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin ƙashi. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta shiga gaɓa, ko ta ƙugu da ta baya, ba tasa ba ce. Mafi muni shi ne ɗaurin da aka tamke da karare har jini ya daina gudu: yatsu su kumbura, su yi sanyi, su yi baƙi, ƙarshe a yanke hannun yaron da karayarsa ƙarama ce. Akwai asibitin ƙashi a Wamakko, akwai sashen ƙashi a asibitin koyarwa. Ko me za ka yanke daga baya, fara ɗaukar hoto.

Ido ma haka. Mai tabarau a kasuwa zai miƙo maka ɗaya bayan ɗaya har ka iya karanta rubutu, shi ke nan. Ba zai auna hawan jinin ido ba, ciwon da ke cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Duk wanda ya kai 40, balle in akwai wanda ya makance a gidansu, ya je a auna. Yanar ido kuwa tiyatarta gajera ce, ana sa sabon gilashi a cikin idon. Masu bi ƙauye suna tura yanar ciki da tsinke kan sa mutum ya ga haske na ɗan lokaci, daga baya idon ya lalace.

Mata da yara suna da asibitin Maryam Abacha, inda ake kuma aikin yoyon fitsari. Amma gara a tare abin tun daga tushe: naƙudar da ta wuce awa 12 a gida, zubar jini, ko mai ciki da ke ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da ganin hazo (wannan hanyar jijjiga ce), duk ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Maigidan kirki tun cikin na ƙarami yake ba da izini, ya ajiye kuɗin mota. Haka ƙullutu a nono, ko ba ya zafi, likitan tiyata ne zai duba, ba a shafa masa komai a jira.

Wani abin da Sakkwato ke da shi wanda ba kowace jiha ba: asibitin yara masu cutar noma, mai cin naman baki da fuska, da aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa tun 2014, magani kyauta. Noma daga gyambon dasashi take farawa, ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda. Baki ya yi wari, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya fara zubewa. In an kai shi tun yana gyambo, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita.

Kware kuma sunanta kawai ke tsorata mutane, har ya zama abin zolaya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can ba na wanda ya fita tsirara kaɗai ba ne. Farfaɗiya, rashin barci na makonni, baƙin cikin da ya hana mai jego kula da jaririnta, matashin da ƙwaya ta kama, duk aikinsu ne. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a kuma kai shi. Babu wanda ya hana ɗaya don ɗaya.

Biyu da kunya ke sa mu ɓoye: basir da fitsari. Ba duk jinin bayan gida ne basir ba, kuma mai lasifika a tasha ba zai bambance maka shi da ciwon dajin hanji ba. In ka manyanta, kana zubar jini kana ramewa, likitan tiyata. Jini a fitsarin yaron da ke wanka a gulbin Rima ko a fadama yawanci tsargiya ce, maganinta sananne ne kuma mai sauƙi. Jini a fitsarin dattijo, ko fitsarin da ke fita da ƙyar, na likitan mafitsara ne. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a kai majina gwaji. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Duk wannan kwatance na ciwon da ke ba da lokaci ne. Akwai wanda ba a yi masa ciniki: baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, ƙirji ya danne da gumi, zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin zafi, wanda duk wanda ya ga sanƙarau na 2017 ya san shi, yaro na suma ko ya kasa kama nono ko haƙarƙarinsa na lotsawa in yana numfashi, jariri ɗan ƙasa da wata biyu da zazzaɓi. Waɗannan sashen gaggawa na babban asibiti za a nufa kai tsaye, ko ƙarfe nawa ne, ba a biyawa ta kemis.

Batun kuɗi: in kana da katin inshorar lafiya, na SOCHEMA ta jiha ko na NHIA ta tarayya, ka san asibitin da aka rubuta maka, domin daga nan ake tura ka gaba. In ka tsallake shi ba gaggawa ba, kana iya biya daga aljihunka.

Ranar ganin likita, zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya, har da jiƙo da garin magani, ka haɗa da tsofaffin takardun gwaji. Kawu yanzu ledarsa a aljihun babbar riga take zama. Mun saya masa abin awon jini na dantse, don ya fi na wuyan hannu daidai, jikarsa ke rubuta lambobin a bayan littafinta na Islamiyya. Har yau yana biyawa ta kemis ɗin da la'asar, sai dai takarda yake miƙawa, su gaisa, su yi hirar farashin gero.