Wata huɗu da 'yar na'urar haɗa waya da talabijin

Hajiyarmu ce sanadin sayen wannan abu. Tun da idonta ya fara rauni ta daina jin daɗin kallo a waya, ga shi kuwa duk abin da take so a waya yake: tafsirin azumi da aka tura mata, bidiyon bikin autarmu, hotunan jikokinta na Kaduna. Sai ka ga ta kanga wayar daf da hanci tana ƙifta ido, alhali ga talabijin inci 32 a rataye a bangon falonta, ba ta aikin komai sai labaran ƙarfe tara. Talabijin ɗin ta da ce, ba ta shiga intanet. Ramukan HDMI biyu gare ta a baya, da ramin filash guda ɗaya.

Abin da na fara saye igiya ce, gefe ɗaya USB-C, ɗayan HDMI. Na dawo gida ina ta cika baki, na jona, na ɗauki rimot na koma HDMI 1, allo ya tsaya shuɗi. Na koma HDMI 2, haka. Na cire na busa ramin na mayar, kamar yadda muke yi wa kaset a da. Shiru. Washegari ƙanena ya zo da wata tsohuwar Galaxy S da yake riƙewa, muka soka mata igiyar nan, nan take hoto ya fito tangaram. Ashe igiya lafiyarta ƙalau. Ramin USB-C kama ɗaya yake a ido, amma ba kowanne ne ke fitar da hoto ba. Sai wanda aka gina masa hanyar da ake kira DisplayPort Alt Mode, kuma galibi manyan wayoyi ne ke da ita: jerin Galaxy S tun daga S8 ta 2017, iPhone 15 ta 2023 da yawancin na bayanta, da makamantansu. Wayoyinmu na talakawa raminsu caji da tura fayil kawai ya iya. Babu manhajar da za ka sauke ta gyara wannan, don abin a jikin ƙarfen wayar yake. Duk wanda ya ce maka zai "buɗe" maka shi, kuɗinka yake so.

Na koma kasuwar waya da igiyar. Yaron shagon bai yi gardama ba, ya ce, "Yallaɓai, ai da ka nuna min wayar tun farko da ban ba ka wannan ba." Ya karɓa, na yi ciko, ya miƙo min wata 'yar aba baƙa mai kama da filash, sai dai ta fi shi faɗi. A kwalin an rubuta 4K da manyan haruffa, wato hoto mai matuƙar fitowa tas. Talabijin ɗinmu ko rabin haka ba ta kai ba, saboda haka ban damu da wannan alkawari ba.

Yadda take aiki ba wuya. Kanta za ka soka a ramin HDMI, sai wata siririyar igiya mai rassa biyu: reshe ɗaya na wuta, ɗayan ɗan akwatin eriya ne. Tana amfani da tsarin Miracast, wanda ya fito a 2012, kuma abin da ya burge ni da shi shi ne bai buƙatar intanet ko kaɗan. Waya da na'urar ne ke ƙulla Wi-Fi tsakaninsu kai-tsaye, duk abin da ke fuskar waya sai ya bayyana a talabijin kamar madubi. Wannan ne ya bambanta ta da Chromecast, wadda Google ya fitar a 2013 ya daina ƙerawa a 2024, don ita tana son Wi-Fi mai intanet a gida. A gidan da kowa da datar wayarsa yake lallaɓawa, bambancin ba ƙarami ba ne. Sunan wurin kunnawa ne kawai ke rikita mutum: Samsung na kiransa Smart View, wasu wayoyin Cast, wasu Wireless Display. Wayoyin Pixel kuwa ba sa yin Miracast.

Daren farko na kusa jefar da ita. Mun zauna, Hajiya ta gyara zama a kan darduma, na kunna bidiyon kamu. Minti biyar ba a yi ba allo ya yi baƙi, tambarin na'urar ya dawo, ta sake tashi daga farko. Na haɗa, ta sake mutuwa. Sau huɗu. Hajiya ta ce, "Kai dai ba ni wayata, na gode." Na kwanta ina tsine wa mai shago a zuci.

An bar jaki ana dukan taiki. Laifin nawa ne: reshen wutar na soka shi a ramin filash na talabijin, don ya fi kusa kuma ya fi kyan gani. Irin wannan rami na USB 2.0 bisa ƙa'ida rabin amfiya yake bayarwa, ita kuwa na'urar a bayan kwalinta an rubuta tana son volt 5 da amfiya ɗaya cur. Idan tana zaune ba aiki, rabin ya ishe ta. Da zarar bidiyo ya fara gudu ta nemi ƙari ba ta samu ba, sai ta faɗi ta tashi. Na samo wani tsohon kan caja a durowa na jona ta a soket. Tun daga ranar ba ta sake mutuwa da kanta ba, sai in an ɗauke wuta. Da za a tambaye ni shawara guda ɗaya tak game da wannan na'ura, to ita ce wannan: kada ka shayar da ita daga talabijin.

Matsala ta biyu ta fi ba ni wahala, don ba kullum take zuwa ba. Wani lokaci hoto ya riƙa daskarewa, fuskokin mutane su farfashe su zama ƙananan murabba'ai, sannan ya zabura ya ci gaba. Na ɗauki kwanaki kafin na lura cewa abin ya fi tsanani duk ranar da na kunna lasifikar Bluetooth don Hajiya ta ji sosai. Na'urar tawa a zangon 2.4GHz kaɗai take aiki, Bluetooth ma a nan yake, haka hotsifot ɗin yaran maƙwabta. Hanya ɗaya ce kowa ke turereniya a kanta. Ƙari a kan haka, na cusa ɗan akwatin eriyar a bayan talabijin, tsakanin ƙarfe da bango. Da na zaro shi na manna shi da salatif a gefen allo yana kallon falo, na kuma kashe Bluetooth, sai daskarewar ta ragu ƙwarai. Ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Akwai masu zangon 5GHz, sun ɗan fi tsada, kuma da na san haka ita zan saya.

Lasifikar ma da nata aibin. Sauti ta Bluetooth yakan makara kaɗan, ɗan abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, amma ido na kama shi: malam ya rufe baki, kalmar ba ta gama fitowa ba. Ga mai sauraren waƙa ko karatu wannan ba komai ba ne. Ga mai kallon fuska kuwa, abin haushi ne. Na warware shi da 'yar igiyar sauti mai araha, daga ramin iyafis na talabijin zuwa bayan lasifikar. Baki da murya suka daidaita.

Sai kuma fina-finan da ake turo wa yara daga shagon masu tura fim. Wasu su yi hoto ba murya, wasu murya ba hoto. Nan ma da farko na'urar na zarga, sai na ga ai ko a wayar kanta haka suke. Abin da ya kamata mutum ya gane shi ne, MP4 ko MKV da kake gani a ƙarshen sunan fayil mazubi ne kawai, kamar kwano. Abin da ke ciki daban. Hoton yana iya zama H.264, wanda kusan kowace na'ura ke ganewa, ko H.265 da ya fito a 2013, mai matse fim ya ƙanƙance amma tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Muryar kuma tana iya zama AAC, ko AC3, ko DTS, waɗanda ba kowace manhajar kallo ce ke ɗauke da su ba. Na sauke VLC, manhajar nan mai tambarin mazugin kan titi mai ruwan lemo, wadda ta samo asali daga ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa. Kyauta ce, ba talla. Duk fim ɗin da ya yi bebe ya buɗe baki. A cikinta akwai ma wurin ja da murya gaba ko baya in ta saɓa da hoto, da wurin sauya yadda ake fassara bidiyon idan ya riƙa sarƙewa.

A nan ne na ga wani amfanin na'urar da ban yi tsammani ba. Waɗannan fayiloli in na zuba su a filash na soka wa talabijin kai-tsaye, rabinsu ba ta buɗewa. Bidiyon bikin ma ƙin shiga filash ɗin ya yi tun farko, don ya haura gigabayit 4, filash ɗin kuwa a tsarin FAT32 yake, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce haka komai yawan sararin da ya rage. Amma ta hanyar madubi waya ce ke yin aikin buɗewa, talabijin karɓa kawai take. Duk abin da waya ta iya, ita ma ta iya. Sai dai in gaskiya za a faɗa, fim ɗin da talabijin ta yarda ta buɗe daga filash ya fi fitowa tas. Na madubi waya ce ke sake matse hoton tana aikawa a lokaci guda, shi ya sa wurin rawa ko gudu yakan ɗan yi hazo, wayar kuma ta ɗau zafi kamar an ɗora ta a murfin tukunya. Fim mai awa biyu sai da caja a jiki.

Abin da ba ta yi, ba ta yi. Manhajojin kallo na biyan kuɗi, irin su Netflix, in ka kunna fim sai ka ji murya, ka ga rubutun fassara, hoto kuwa baƙi ƙirin. Ba lalacewa ba ce. Kariya ce da masu fina-finan suka sa don kada a kwafe, kuma na'ura mai araha irin wannan ba ta da shaidar da suke nema. Kada ka ɓata dare kana tone saiti. YouTube da Facebook da TikTok da duk abin da ke cikin mamori suna fitowa lafiya. Bidiyon tsaye dai a tsakiyar allo yake tsayawa kamar turke, hagu da dama baƙi.

Ƙwallo ma na gwada, sau ɗaya. Tsakanin makarar intanet da ta na'urar, sai na ji ihun gidan kallon layinmu tukuna, sannan ƙwallon ta shiga raga a falona. Ban sake ba.

Akwai wata kunya da na sha wadda ya kamata in faɗa, don kada wani ya sha irinta. Ranar da surukaina suka zo gaishe da Hajiya, na kunna musu bidiyon biki, kowa ya nutsu. Sai ga saƙon WhatsApp ya sauko daga saman allo, harafi kowanne kamar yatsa, daga abokina mai shagon taya: "Malam, cikon kuɗin nan fa? Yau sati uku." Surukina ya sunkuyar da kai yana gyaran hula. Hajiya ba ta ce komai ba sai da suka tafi, sannan ta ce, "Nawa ne yake binka?" Madubi ba ya zaɓe. Kafin ka haɗa a gaban mutane, kunna saitin hana damuwa, wanda ke toshe saƙonni da kira.

Matar ƙanena iPhone gare ta, ita kuma ba Miracast take yi ba, AirPlay ne nata tsarin madubin. Na'urar na da ɗan maɓalli a gefe da ke sauya ta zuwa wancan tsarin, sai ka shiga Wi-Fi ɗinta da lambobin da ta nuna a allo. Ya yi aiki, amma ya fi na Android yawan taku, kuma in an gama sai an tuna an mayar da maɓallin, in ba haka ba wayar Hajiya ta yi ta lalube ba ta ganin komai.

Don sauraren karatu ko waƙa zalla, ban ga amfaninta ba. Talabijin na cin wuta a banza, fuskar waya kuma dole ta zauna a kunne, don a wayata da ta rufe komai ke tsayawa. Lasifika ta fi.

Da babbar Sallah na tafi da ita ƙauye wurin kawuna, inda talabijin mai ƙeya ce, mai ramuka uku: rawaya, fari, ja. Na haɗa da ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa waɗannan igiyoyi. Hoto ya fito fari da baƙi yana rawa. A jikin akwatin akwai wani ɗan makunni mai rubutu biyu, NTSC da PAL. Namu na Najeriya PAL ne. Na tura shi da farce, kala ta dawo, yara suka yi shewa.

Shin zan sake saye? Zan saya, amma mai 5GHz, kuma zan je da wayata a gwada a gabana. Wanda ke da babbar waya mai fitar da hoto, igiya ta fi masa nesa ba kusa ba: ba makara, ba daskarewa. Wanda ke da intanet a gida kuma yana biyan kuɗin manhajojin kallo, gara ya ƙara kuɗi ya sayi akwatin da ke da manhajojin a cikinsa. Ita wannan ta irinmu ce, masu tsohuwar talabijin, da ƙaramar waya, da mamori cike da abin da aka turo.

Hajiya har yanzu ba ta iya haɗawa da kanta ba. Jikanta ɗan aji biyar ne injiniyan gidan. Bayan la'asar za ka ji ta daga tsakar gida tana kira, "Kai, mai sunan Malam, zo ka sa min tafsiri a bango."