Sharhi kan hidimar dilolin mota a Amurka: kamashon mai sayarwa da batun tukuici

Mai sayen mota a Amurka yakan shafe awanni a gidan dila, kuma mutum ɗaya ne ke ɗawainiya da shi: ya ɗauko makulli, ya zauna gefensa a fita gwajin tuƙi, ya yi ta kai-kawo tsakaninsa da manaja, daga ƙarshe ya haɗa masa wayarsa da motar. A ƙasar da mai kawo abinci a gidan cin abinci kan samu tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ba laifi mutum ya yi tunanin ko wannan ma sai an miƙa masa wani abu. Ba a yi, kuma shi ma ba ya sa rai. Mai kawo abinci dokar tarayya ta yarda a biya shi dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, tukuici ne ke cike masa giɓi. Mai sayar da mota kuwa kamasho yake ci, kuma ladansa yana cikin kuɗin da ka riga ka biya.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne zaton cewa kamashon daga farashin mota ake cire shi. Daga riba ake cirewa, yawanci kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ga misali da lissafi mai sauƙi. Mota ta tsaya wa dila a dala 28,000, an sallama ta a 30,000, riba 2,000 ke nan. Kafin a taɓa komai, dila zai ware wani adadi, a ce 500, da sunan kuɗin haya, wuta da talla. Saura 1,500. Kashi 25 na wannan shi ne dala 375, abin da ya shiga aljihun mai sayarwa ke nan. Idan mai saye ya iya ciniki har ya danne farashin zuwa 28,600, ribar da za a lissafa ta koma dala 100, kamasho 25. A nan ne ake ba shi mafi ƙanƙantar ladan da gidan ya tsayar, wanda a bakinsu suke kira mini, galibi dala ɗari ko ɗari biyu. Sabbin motoci sun fi faɗawa wannan rukuni, don tun 1958 doka ta wajabta manna takardar farashi a gilashinsu, yanzu kuma intanet ta bayyana sauran. A tsofaffin motoci riba ta fi kauri, shi ya sa za ka ga ana ɗan karkata ka wajensu.

Akwai kuma kuɗin da mai sayarwa ba ya ko sansanawa. Kamfanin da ya ƙera mota yakan riƙe kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na kuɗin motar ya mayar wa dila daga baya. Saboda haka idan aka ce maka an sallama maka a uwar kuɗi, yana iya zama gaskiya a takarda, amma gidan bai tashi a banza ba.

Albashin ma ba albashi ba ne a gidaje da yawa, rance ne. Ana ba mai sayarwa wani adadi a gaba, a cire daga kamashonsa. Idan an ba shi 2,000 amma kamashon watan 1,400 ya kai, ya shiga sabon wata da bashin 600. Ga lada na musamman ga wanda ya kai wani adadi, kamar mota goma ko goma sha biyar a wata. Wannan ne sirrin sauƙin da ake samu a kwanakin ƙarshen wata: wanda mota ɗaya ta rage masa ya cika adadi zai yi maka faɗa a gaban manaja, ko da kamashon cinikin bai taka kara ya karya ba.

A ganinmu, rabin farko na hidimar, wato ciniki, yana da kyau idan aka dace da mai sayarwa da ya san kayansa. Matsalar tsarin ita ce duk dalar da ya rage maka, kusan rubu'inta daga aljihunsa ta fita, kuma ba shi ke da ikon sallamawa ba, manaja ne. Inda hidimar ta fi rauni shi ne ofishin rance da inshora, ɗakin da ake shigar da kai bayan an gama ciniki, ka gaji, ka ƙosa ka tafi. Banki yakan ba dila wani adadin kuɗin ruwa, dila ya ɗora kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari a kai, bambancin ya zama nasa. A nan ake tallata ƙarin garanti, inshorar cike giɓin bashi (mai biyan ragowar bashi idan motar ta salwanta), da man kare fenti, a narkar da su cikin biyan wata-wata yadda ba za su yi zafi ba. Maganinsa a yi shi tun daga gida: ka samo amincewar rance daga bankinka, ka nemi a rubuta maka jimillar kuɗin fita da mota har da haraji da rajista, ka duba kuɗin ruwa na shekara, wanda wata dokar tarayya ta 1968 ta tilasta a bayyana a rubuce. Tambayar "nawa za ka iya biya a wata?" kada ka amsa ta kafin a tsayar da farashi, don da ita ake miƙe bashi daga wata 60 zuwa 84.

To idan mai sayarwa ya kyauta maka, me zai amfane shi? Na farko, takardar jin ra'ayi da kamfanin motar ke aikowa bayan 'yan kwanaki. A wurare da dama duk makin da bai kai na ƙoli ba faɗuwa ne, kuma ladan wata yana rataye da shi. Abin takaici, fushin da ka kwaso daga ofishin rance mai sayarwa yakan shafa, don haka gara ka kai ƙorafin wajen manaja ka ambaci wanda ya yi laifin. Na biyu, idan za ka koma, kira shi ku tsayar da lokaci. In ka je ranar hutunsa wani ya ƙarasa cinikin, raba kamashon ake yi biyu. Na uku, tura masa masu saye, ka kuma rubuta sunansa idan za ka yabi gidan a intanet. Mutum ɗaya da ka tura ya fi kowane tukuici.

Tsabar kuɗi kuwa tana iya jawo masa matsala, don wasu gidajen sun hana karɓa, kuma idan aka miƙa kafin a rufe ciniki tana kama da toshiyar baki. Wanda ya nace zai yi alheri, ya jira sai mota ta fito, ya ba da ƙaramin katin sayayya ko abin taɓawa na ma'aikata. Masu wanke motar da goge ta, waɗanda da awa ake biyansu, su ne 'yan daloli suka fi dacewa da su.

Ga wanda ba ya son jan-in-ja, akwai irin su CarMax, kamfanin sayar da tsofaffin motoci da ya fara a jihar Bajiniya a 1993 da farashi ɗaya babu tayi, inda ladan mai sayarwa bai dogara da tsadar motar ba. Hankali ya fi kwanciya a can, amma wanda ya iya ciniki sau da yawa zai samu ƙasa da farashinsu a wajen dila na gargajiya.